Zan Biya ta Kano Bayan La'asar

A duk unguwar Nuzla da ke Jidda babu wanda ya san Afirka irin Nayef Abu Ghada. Haka dai shi ya ce, kuma da yake ya fi kowa murya, sai aka bar masa. Gaskiyar magana ita ce a Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa, kuma a shekarunsa arba'in da takwas tafiya mafi nisa da ya taɓa yi ita ce Madina, ita ma sai da ya ɓata hanya sau biyu. Fasfo ɗinsa na Najeriya ne, amma ko tambarin fita ɗaya babu a ciki.

Abin taƙamarsa shi ne kakansa, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba. Wannan gaskiya ne, kowa ya sani. Sauran kuwa Nayef ne ya ƙara daga aljihunsa. A kan dogayen kujerun katakon da maza ke zama bayan la'asar, waɗanda mutanen Jidda ke kira mirkaz, kakan yakan kashe zaki ɗaya a ƙasar Chadi. In shayi ya yi daɗi zakin ya zama biyu. In kuwa an sami baƙo a wurin, har giwa yakan haɗa.

Direba ne a gidan wani ɗan kasuwa, Abu Muath, wanda shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama, shekara goma sha biyar. Wata ranar Talata yana tuƙi ta wajen unguwar Ruwais, maigidan da matarsa Ummu Muath suna baya suna ja-in-ja. Shi yana so su tafi hutu Tanzaniya, su shiga daji a buɗaɗɗiyar mota su kalli namun dawa. Ita kuwa ta ce ba ta ga abin da zai sa mutum da hankalinsa ya hau jirgi ya kai kansa gaban zaki ba.

Direba mai hankali da ya kama bakinsa. Nayef ya yi gyaran murya.

"Ya ammi, a yi min afuwa. Afirka na ji kuna faɗa? Ai zancen gidanmu kuke yi. Zaki ba ya taɓa mutum haka kawai, sai wanda bai san yadda ake kallonsa ba."

"Kai ka sani?" in ji Ummu Muath.

"Ni? Ya sitti, a jini yake. Daga warin iska nake gane ko zaki ya ƙoshi ko yana jin yunwa."

Kafin su isa gida kakan ya kashe zaki uku, ɗaya ma da takalmi. Ummu Muath ta sauka daga mota tana gyara mayafi ta ce, "In da Nayef za a tafi, zan je. In babu shi, ko ƙofar jirgi ba zan leƙa ba."

Abu Muath ya ji daɗin samun mafita. Ya ce, "Halas, ka shirya, kai ne jagoranmu. Zan yi maka takardar fita da dawowa. Amma ka ji da kyau, jaka ɗaya tak, kilo goma sha biyar. Daga babban jirgi ƙaramin jirgi za mu shiga zuwa cikin dajin, ba ya ɗaukar kaya."

Da suka shige gida, Nayef ya daɗe zaune a motar shi kaɗai. A ƙarƙashin duk cika bakin nan akwai abu ɗaya na gaskiya da bai taɓa faɗa wa kowa ba: yana so ya taka ƙasar nan ko sau ɗaya kafin ya mutu, ya ga irin ƙasar da kakansa ya baro. Yau ga kujera a jirgi ta zo masa har hannu. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya yi shiru na mako biyu.

Bai kai la'asar ba.

"Jama'a, a yi min addu'a, zan leƙa gida," ya ce yana hawa mirkaz. "Maigida ya rasa wanda zai shiga da shi dajin Afirka, dole aka nemi ɗan gida."

Aka yi ta "Mabruk, mabruk!" Mutum ɗaya ne bai taya murnar ba, wato Maman Lawali, tela ɗan Damagaram, wanda ya zo Jidda da girmansa kuma ya san hanyar da ya biyo. Ya kurɓi shayi ya ce, "Bon. Abu Ghada, wace Afirkar?"

"Guda nawa ce?"

"Ina nufin wace ƙasa."

"Tanzaniya. Can bayan Kano kaɗan."

Maman Lawali ya ajiye kofinsa a hankali, ya ciro waya, ya buɗe taswira. "Duba nan. Ga Tanzaniya can ƙasa. Ga Kano nan. Ga garinmu a sama."

Nayef ya karɓi wayar, ya ɗora babban yatsa a kan Tanzaniya, ya ɗora manuni a kan Kano, ya ɗaga wa jama'a. "To kun gani da idonku. Ko rabin taƙi bai kai ba."

Maman Lawali ya ja taswirar da yatsu biyu, Kano ta fice daga fuskar wayar gaba ɗaya.

"A'a, ya shekh, kai ne ka ja shi ya yi nisa!" in ji Nayef. "Mayar da shi yadda Allah ya yi shi. Ni za ka koya wa ƙasar kakana? Kamar Jidda da Makka ne. In na gama nuna wa maigida zakuna da safe, sai in biya ta Kano bayan la'asar, in gaisa da dangi, in dawo kafin a nemi ni."

Wannan magana ita ce ta kashe shi, don kafin magariba ta shiga kowane gida a layin.

Ga wanda bai san Nuzla ba, in mutum zai tafi ƙasa, kamar yadda suke kiran can gida, ba shi kaɗai zai tafi ba. Kowa yana da wani a can, kuma kowa yana da ƙulli a ƙarƙashin gado da ke jiran matafiyi. Ƙin karɓar saƙo abin kunya ne. Ka karɓi na wannan ka ƙi na waccan kuwa, ka sayi gaba har jikoki.

Wadda ta fara zuwa ita ce Khala Jawahir, tsohuwar da ta girmi kowa a layin, wadda ta goya Nayef yana jariri. Ta shigo da sanda, ta zauna, ta miƙa masa wani ƙulli a farar leda.

"Ɗana, na ji za ka biya ta Kano. Ina da yaya a Fagge, Allah ya ja kwananta har yanzu. Wannan ta daɗe tana roƙona. Likkafani ne, na wanke shi da zamzam da hannuna, na shanya shi a inuwa."

Nayef ya ɗan ja baya. "Likkafani, ya khala? A tafiyar zaki?"

"Ba naka ba ne. Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Kawo. Fagge ai nan ne bakin hanya."

Tsohuwa ta sa masa albarka har sai da muryarta ta dushe. Tana fita matarsa Mastura ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Abu Ghada, ina ne Fagge?"

"A Kano."

"Ina ne Kano?"

"Mastura, kada ki fara."

"Mutumin da har yau in zai je unguwar Kurayyat, nan kusa da mu, sai ya tambayi mai shago hanya. Ka je ka gaya wa baiwar Allah nan gaskiya tun kafin ta gaya wa 'yar'uwarta a waya. Kuma ba jaka ɗaya aka ce maka ba?"

"Wannan dokar baƙi ce. Ɗan gida ba a auna masa kaya."

Washegari Aissa mai sayar da turaren wuta ta kawo abaya goma sha biyu za a kai Maradi. Nayef ya ce Maradi ai leƙe ne daga Kano. Mahadi, wani ɗan Chadi mai gyaran firiji, ya zo da injin markaɗe a kafaɗa, na tsohuwarsa a Abeche.

"Abeche tana kan hanyarka kuwa?" ya tambaya, don shi ma abin ya ɗan yi masa wani iri.

"Ta nan kakana ya biyo. Ajiye."

Daga nan ƙofa ba ta sake rufuwa ba. Dabino kwali-kwali, sallaya, carbi, agogon bango mai kiran salla za a kai Agadas, tukunyar dafa shinkafa za a kai Gusau. Har wani Basudane da ba ya jin Hausa ya ji labari ya kawo bargo biyu na Omdurman, ya ce tunda Afirka ce. Nayef bai mayar da kowa ba. Duk wanda ya ajiye ƙulli sai ya kira shi namijin duniya, shi kuwa in an kira shi haka kunnensa ya daina jin komai. Cikin mako guda falonsu ya cika, Mastura ta koma bi ta gefen bango in za ta shiga ɗaki.

Maman Lawali ne kaɗai bai kawo komai ba. Nayef ya tsokane shi a mirkaz.

"Maman, kai ba ka da kowa a Damagaram ne?"

"Ina da su cike da gari. Saƙona zai jira. Amma ka ajiye min wuri a motar rakiya, don irin wannan kallo ba a yarda a ji shi a bakin wani."

Ana jibi tafiya maƙwabta suka haɗa masa walimar ban kwana da hantsi. Aka sayo ƙaton rago ɗan Sudan, aka ɗaure shi a jikin ƙarfen fitilar titi kafin mahauci ya iso. Nayef ya fito cikin kayan da ya sa aka ɗinka masa: riga da wando ruwan ƙasa masu aljihu goma sha ɗaya, hula mai faɗi irin ta masu aikin titi, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Mata suka leƙo ta taga suna guɗa.

Mahadi ya ce, "Abu Ghada, nuna mana yadda ake kallon zakin nan, ko wata rana ta yi mana amfani."

Nayef ya waiga, idonsa ya faɗa kan ragon. "Ga misali nan. Wannan ma ɗan ƙasarmu ne, daga Afirka aka kawo shi, zai gane ni. Ku kwance shi."

"A bar shi a ɗaure, ya rajjal," wani ya ce.

"Zaki a ɗaure yake a daji? Ku kwance."

Aka kwance. Nayef ya tsaya gaban ragon, ya buɗe ƙafafu, ya riƙe ƙugu. "Abu na farko, ba ka gudu. Na biyu, ka kafe shi da ido, kada ka ƙifta. Dabba in ta ga ba ka ƙifta ba, ita za ta sunkuyar da kai."

Ragon ya sunkuyar da kai.

"Kun gani?" in ji Nayef, ya juyo yana kallon jama'a.

Ragon ya ja da baya taku uku.

"Kun ga ja da baya? Ladabi ke nan. Yanzu zai..."

Bai ƙarasa ba. Ragon ya same shi daidai aljihu na bakwai, ya ɗaga shi ya zaunar cikin babban farantin da aka jiƙa shinkafa. Hula ta yi gabas, madubin hange ya yi yamma. Ya yunƙura zai tashi, ragon ya ƙara masa ɗaya ta baya. Mai dokar ba ka gudu ya zagaya motar Mahadi sau uku a guje yana kiran sunan Mastura, sai da mahauci ya iso ya kama ragon da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan.

Maman Lawali ya tsinto hular ya kaɗe mata ƙura. "Bon, ɗan ƙasarku ya gane ka."

Nayef ya zauna da gefen mazaunai guda yana haki. "Wannan ba ragon daji ba ne. Ya daɗe a Jidda, har ya yi iƙama, takardar zama, tarbiyyarsa ta lalace."

Aka yi dariya har wasu na riƙe ciki, aka ci ragon, kuma babu wanda ya zo karɓar saƙonsa. A ganinsu faɗuwa gaban rago daban, sanin hanyar Kano daban.

Ranar tafiya, da sassafe aka kira ƙaramar motar ɗaukar kaya, irin wadda ake ce wa dabbab. Aka loda jaka goma sha huɗu, kwali tara, da injin markaɗe a sama an ɗaure shi da igiya. Motoci uku na 'yan rakiya suka biyo baya. Khala Jawahir ta ce ko za a ɗauke ta a kujera sai ta je. Kafin Mastura ta shiga mota sai da ta ɗauko makullin gida ta sa a jakarta, ta ce wa maƙwabciya kada ta rufe musu tukunyar gas, yanzu za su dawo.

A filin jirgi Abu Muath da matarsa suna tsaye kusa da wurin auna kaya, kowa da 'yar jakarsa guda. Sai ga amalanke shida sun doso su a jere, Nayef a gaba yana ɗingishi cikin hularsa, bayansa mutum kusan ashirin.

Abu Muath ya cire tabarau. "Nayef, mene ne wannan?"

"'Yan ƙananan abubuwa ne, ya ammi."

"Na ce maka jaka ɗaya."

"Ai tawa ɗaya ce. Sauran ba nawa ba ne."

Kafin maigidan ya sami abin cewa, Aissa ta matso ta gaishe shi da Larabci, ta yi masa godiya da ya yarda a tsaya Maradi. Mahadi ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce Allah ya saka, tsohuwarsa a Abeche za ta yanka musu kaza. Basudanen ya ce in sun isa Omdurman su tambayi gidan da ke bayan masallaci, kowa ya san shi.

Abu Muath ya juya a hankali. "Nayef. Maradi? Abeche?"

"Biyawa ce kawai, ya ammi. Ba zan taɓa lokacinku ba. Kuna hutawa bayan la'asar, ni kuma in leƙa Kano in dawo."

Ma'aikacin da ke auna kaya, wanda tun ɗazu yake saurare, ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ya ustaz, Kano ta Najeriya? Daga dajin da za ku zuwa Kano, kusan nisan nan da Kano ne. Ya fi kilomita dubu uku. In can za ka, inda kake tsaye yanzu ma ba ka fi nisa ba."

Nayef ya gyara hularsa.

"Ta jirgi ke nan," ya ce. "Akwai hanyar 'yan gida."

"Wacce?" in ji Maman Lawali daga baya. "Ta kakanka? Shekara bakwai?"

Abu Muath mutum ne mai haƙuri, kuma ba ya so tafiyarsa ta rushe. Ya duba agogo ya ce, "Saura minti goma a rufe. Ɗauki jakarka guda, ka mayar wa mutane kayansu, yalla mu tafi."

Ga ƙofa nan a buɗe. Abin da ake nema daga Nayef bai wuce ya juya ya ce wa maƙwabtansa ban san hanya ba, ku yafe ni. Ya juya ɗin. Ya ga idanu arba'in a kansa, ya ga Khala Jawahir ta jingina da sandarta tana kallonsa. Sai ya fasa faɗa.

"Kilo goma sha biyar na jaka ne," ya ce da ƙarfi. "Ba a ce komai a kan abin da mutum ya sa a jikinsa ba."

Ya durƙusa ya fara zuge jakunkuna. Ya zura jallabiya uku a kan kayan dajinsa, ya ɗora abayar Aissa biyu, ya yafa bargon Omdurman. Ya cika aljihu goma sha ɗaya da dabino da carbi, ya rataya agogon bango a wuya. Matafiya suka tsaya suna ɗaukarsa a waya. Mastura ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa matar da ke kusa da ita ba ta san shi ba, rakiyar wasu ta zo.

"Injin fa?" in ji Mahadi.

"Zan rungume shi."

Ya sunkuya zai ɗaga injin, agogon da ke wuyansa ya bugi ƙarfe ya ɓarke da kiran salla. Ya zabura ya miƙe, ƙafarsa ta harɗe da abaya, ya tafi da baya ya faɗa kan amalanke. Jakunkuna suka zube, farar leda ta faɗo ta fashe, farin yadi ya warware a kan tayil mai santsi, ya yi ta tafiya har sai da ya tsaya a kan takalmin Ummu Muath.

Ta duba ƙasa. Ba ta buƙatar a gaya mata ko mene ne.

"Likkafani," ta ce. Muryarta ta hau. "Abu Muath, jagoranmu ya taho da likkafani! Na waye? Nawa ko naka?"

"Ya sitti, na wata tsohuwa ne a Fagge..."

"Mutumin da bai san inda garin kakansa yake ba, shi zai tsaya tsakanina da zaki? Wallahi na fi yarda da baƙon da za mu samu a can. In ya shiga jirgin nan, ni na fasa."

Abu Muath ya dubi matarsa, ya dubi tulin bargo da abaya da ke ƙasa, wanda direbansa ke ciki. Ya ciro makullin mota ya ajiye a kan tulin.

"Motar tana wurin ajiya, hawa na biyu. Ka zo ka ɗauke mu nan da kwana goma."

Suka ba da jakunkunansu, suka shige. Nayef yana zaune a ƙasa yana kallon bayansu har ƙofar gilashi ta rufe. Kujerarsa ta tafi babu kowa a kanta, kuma ya san irinta ba za ta sake zuwa ba. Ya ji abin har cikin ƙashinsa.

'Yan rakiya suka fara tsintar kayansu, kowa da abin da yake faɗa. Aissa tana ƙirga abayoyinta a jikinsa tana cewa ya tuɓe a hankali kada ya yaga. Mahadi ya saɓa injinsa ya ce gara da abin ya tsaya a nan, da yanzu tsohuwarsa ta yanka kaza a banza. Maman Lawali, wanda ya zo musamman don dariya, ya buɗe baki, ya dubi fuskar Nayef, sai ya rufe, ya sunkuya yana tayar da amalanke.

Khala Jawahir ta tako da sandarta. Ta sa aka miƙo mata bakin yadin, ta shiga naɗe shi a hankali. Nayef ya kasa ɗaga ido.

"Ya khala, ki yafe ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda Nuzla ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. "Ban san Fagge ba. Ban san Kano ba. Ban taɓa zuwa ko'ina ba."

"Na sani. Ni na goya ka, ina za ka je ban sani ba?"

"To nisan fa? Kin ji abin da mutumin nan ya ce."

"Shi a takarda ya gani. Ni ina 'yar shekara tara aka ɗora ni a bayan babbar mota, wata biyar muka yi kafin mu ga teku. Babu wanda zai gaya min nisan Kano."

Nayef ya ɗago kai. "Kin sani, kika ba ni?"

Tsohuwa ta gama naɗe yadin, ta sa shi a hammata.

"Shekara sittin da wani abu, duk wanda na tambaya sai ya ce min da nisa, Khala, da nisa. Kai kaɗai ka taɓa ce min kusa ne. Mako biyun nan na yi su ina jin yayata tana nan bayan gari." Ta zungure shi da sanda. "Tashi ka cire zanin mutane, ka kai ni gida. Nuzla dai ka san hanya, ko?"

"Na sani, ya khala."

"Mastura, zauna a gaba ki riƙa nuna masa."